Zanen fensir a bango

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama, ya maigidan? Mu lafiya lau.

Na ga hoton 'yarki. Tubarkalla, har ta kamo ƙugunki! Sau ɗaya na kalla na kife wayar. Wata guda muka haihu, amma zanen tsawon 'yata a bango yana inda yake tun bara. Likita ya ce sinadarin girma yana jininta, jikin ne ke rufe masa ƙofa kafin ya isar da saƙo. A littattafaina kuwa, ana juya shafi yarinya ta girma.

Wallahi ina taya ki murna. Sai dai sabuwar rigar da kika aiko tana ƙasan akwati. Ki aiko mata da kwancen 'yarki na bara waccan, shi zai yi mata.

Allah ya raya mana su.

Ƙanwarki