Hannun da Bai Ji Zafin Kunu Ba

Tambuwal, daminar 1955

Zuwa ga Malam Almu, mai koyon aikin magani a disfensarin Kebbe. Ya sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan farko a kan shukata! Gaisuwa da bege mai yawa. Amma yau begen tafe yake da zargi, ba zan ɓoye maka ba.

Yayana Dogo ya dawo daga cin kasuwar shanu a Kebbe da labarinka. Ya ce wakilin wani kamfani ya zo daga Ikko da abin da suke kira inshora: mutum ya riƙa biya, ran da hannu ko ido ya nakasa su ɗauki nauyinsa. Duk abokan koyonka sun ce sai sun kama aiki, kai kaɗai ka ce yanzu, wai tun ana ɗalibi da jini a jika ake shiga, don ba sa karɓar mai ciwo. Rigakafi ya fi magani, na yarda. To amma saurin na mene ne? Kuma don me a mako guda ka aiko wa Baba a ɗaga bikinmu har bayan kaka? Ruwa ba ya tsami banza!

Da fari wata 'yar Kebbe na zarga, har na ƙi cin tuwo don haushi. Wallahi yau da ita ce da na yi murna.

Ka tuna ranar Babbar Salla da la'asar, a zaurenmu? Na kawo maka kunu a kwanon tasa, na riƙo shi da bakin gyale don zafi. Ka karɓa da hannun dama tsirara, ka riƙe shi kana ba ni labarin kutaren da kake raba wa ƙwayoyi ran Talata, kana dariyar nan taka mai kama da ɓullowar wata. Da ka ajiye, yatsunka biyu sun yi bororo. Ko uffan ba ka ce ba! Sai da ka ga inda nake kallo ka ja hannun cikin riga. Na ɗauka jarunta ce ta saurayi gaban budurwa. Kaico, ashe ba ka ji ba ne?

Hannun da ke riƙe allura! Hannun da nake jira ya karɓi akushina! Gaya mini gaskiya, rabin raina: so kake ka shiga inshorar nan kafin tabon kuturta ya fito fili? In haka ne ka bari, zamba ba halinka ba ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai da bakinka ka ce ciwon nan yana jin magani in an tare shi da wuri. Ashe za ka ba wasu ƙwaya kai ka zauna kana ɓoyo? Je ka nuna wa Likita tun yatsun suna naka.

In zargina ƙarya ne, zo ka kunyata ni, in sha dariya. In gaskiya ne, kada ka ɗaga ranar bikinmu don tausayina, ban roƙe ka ba. Su mutanen Ikko sai sun duba ka sun ga babu aibi za su karɓe ka. Ni na riga na duba, na gani, kuma na karɓa.

Taka, da hannu ko babu, har ranar da za a rufe ni,
Ni'imatu