Bakin Auta

Talata, 29 ga Afrilu

An sallamo Auta daga asibiti. Likita ya ce aikin maƙogwaron ya yi kyau, amma kada ta yi magana sai ya ba da izini, ko raɗa. Na tambaye shi ko muryar za ta dawo yadda take. Ya ce mu bi a hankali. Na san irin wannan amsar.

Na sayo mata ƙananan takardu da biro. Abin da ta fara rubutawa: “Asabar fa?” Sai da na kai takardar bakin taga. Rubutunta kamar sawun tururuwa, ni kuwa malamar da ta koya mini karatu, bayan na gama haihuwa, manyan baƙaƙe take yi.

Laraba, 30 ga Afrilu

Maganar Asabar ita ce wasan nan nasu. Da la'asar suke zama a teburin falo, ina jin su daga ɗakin guga. Auta ce mai jan labari. Ita ke faɗin inda suke da abin da ke gabansu, kogo ne ko gari ko dodo. Sauran kowa da mutumin da yake riƙe da shi. A wasan, Babba, yayanta, maƙeri ne. Doguwa, ƙawarta, ɓarauniya. Mai Tabarau, ɗan maƙwabtanmu, mai magani. In mutum zai yi abu mai wuya sai ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Babbar lamba ya ci, ƙarama ya sha kashi. Ba a sa kuɗi, wannan na bincika tun farko.

Babba ya ce a dakata sai ta warke. Ta juya fuska bango. Abincin rana yana nan yadda na ajiye.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ta rubuta: “Umma, ke za ki zama bakina. Ni in rubuta, ke ki karanta musu.” Sauran ba za su iya ba, wai 'yan wasa ne, kada su ga abin da ke gaba. Na ce karatuna jan ƙafa yake yi. Ta rubuta: “Dodo ma a hankali yake magana.”

Ta ci abinci.

Asabar, 3 ga Mayu

Na gama rigunan mutane da wuri, na zauna kusa da ita a bayan kwalin da take tsayarwa don kada a leƙa. Mutanensu murafun kwalba ne a kan taswira. Na maƙeri ja ne.

Da farko lafiya. Na karanta daji, na karanta hazo. Na yi tuntuɓe a “kwazazzabo”, Mai Tabarau ya ƙarasa mini, na ce masa ban tambaye shi ba.

Sai gadar igiya. Babba ya jefa, uku ta fito. Takarda ta zo: “Igiya ta tsinke. Ka faɗa, ƙafarka ta karye.” Na ɗaga kai. Ga Babba, da hular babur ɗinsa a gefen kujera, mutumin da ke yini a titi yana kai saƙon mutane. In dube shi in ce ƙafarka ta karye? Da bakina? Bakin uwa ba abin wasa ba ne.

Na ce, “Igiya ta yi ƙara, amma ka haye lafiya.”

Auta ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na yi kamar ban ji ba.

Talata, 6 ga Mayu

Ba zazzaɓi. Wurin ɗinkin ya bushe. Na duba sau da yawa, ta rubuta: “Ya isa.”

Asabar, 10 ga Mayu

Yau na gyara da yawa. Gubar da Doguwa ta sha ta zama ciwon ciki. Kibiyar da ta sami Mai Tabarau ta tsaya a jakarsa. Dodon kogo, wanda aka rubuta ya murƙushe haƙarƙarin maƙeri, na ce ya yi gurnani ya matsa musu.

Doguwa ta ce, “Umma, dodon nan ko kawun wani ne a cikinmu?”

Babba ya ce, “Ki bari kawai. Saura ya raka mu bakin hanya ya ce mu gaida gida.”

An yi dariya, amma ba irin wadda nake ji daga ɗakin guga ba. Can na ga Mai Tabarau yana danna waya a ƙarƙashin tebur. Auta ta buga tafin hannu a kan kwali, ta rubuta da manyan baƙaƙe, irin na malamata: “Kada ki ari bakina ki ci mini albasa.” Wannan ban karanta musu ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban ga laifina ba. Kowa ya fita lafiya.

Asabar, 17 ga Mayu

Doguwa ba ta zo ba, wai aiki ya yi yawa a shagon kitso. Mai Tabarau ya zauna kaɗan ya tuna an aike shi. Babba ya tattara murafun ya zuba a gwangwani.

Auta ta koma ɗaki, fuska bango. Na ajiye mata takardu a bakin gado.

Litinin, 19 ga Mayu

Takardun fari fat. Tun Asabar ko “ruwa” ba ta rubuta ba, nuni take yi da yatsa. Da ma ba murya, yanzu ba rubutu. Gidan ya yi shiru har ina jin ƙarar dutsen guga in na yayyafa ruwa.

Na ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta.

Laraba, 21 ga Mayu

Babba ya same ni ina ninke zannuwan gado, ya kama gefe ɗaya. Na gaya masa dalilina. Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka.

Ya ce, “Umma, maƙerin nan ba ni ba ne. Ni ko gawayi ban iya hurawa ba, kin sani.”

Na ce baki dai baki ne.

Ya ce, “Kullum da safe kina cewa Allah ya tsare. Shi nake fita da shi. Na tebur a tebur nake barinsa.” Da muka haɗa gefen zanin ya ƙara, “In ba za mu iya faɗuwa ba, to hayewar mece ce?”

Ninkinsa ma a karkace yake.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na kai kayan guga, na biya ta shagon kitso. Ba kowa sai Doguwa tana wanke mataji. Ta sunkuyar da kai da ta gan ni. Na ce ba faɗa na zo ba, me ya sa take zuwa wasan a da?

Ta ce bara Auta ta kashe mata doki a wani kogi, har ta yi kuka a hanyar gida, kuma ba ranar da ta fi so kamar ita. Ban gane ba sosai. Na ce ta zo jibi. Ta ce, “Da kawu ko ba kawu?” Na ce ta zo dai.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na zauna a bakin gadonta na ce ta koya mini yadda ake yi. Ta daɗe kafin ta juyo. Abin da ta rubuta, na kwafe shi nan don kada in manta:

“A jefa a fili, kowa ya gani, ke ma ba ki da hanyar gudu. Ki faɗi abin da ke gabansu, ki ce me za ku yi, sannan ki yi shiru, ko shirun ya dame ki. In wani ya daɗe bai yi magana ba, sa wani abu ya taɓa shi. Kowane dodo akwai abin da yake so, ba mugunta kawai ba.”

Na ce wannan na kogon me yake so? Ta ɗaga kafaɗa, ta nuna ni. Ina guga ina tunani. Na ce ƙwansa ne a bayan ƙofar, shi ya sa ba ya barin kowa ya wuce. Ta dube ni har na tsargu, sannan ta rubuta: “To.”

Asabar, 24 ga Mayu

Duk sun zo. An kwantar da kwalin.

Doguwa ta saci ƙwan, da ma halinta ne. Dodo ya biyo su. Na yi muryarsa a hankali, yadda nake karatu, Mai Tabarau ya ajiye waya da kansa. Na ce, “Ƙofar dutse tana rufewa, yana bayanku. Me za ku yi?” Na yi shiru. Shirun ya yi tsawo, na riƙe bakin tebur.

Babba ya ce maƙeri zai tokare ƙofar da kafaɗa, su biyun su wuce. Doguwa ta ce, “Kai, Yaya, kada ka yi mana jarumtar banza.” Ya jefa. Ɗan lidon ya gangara har gaban kofina. Ɗaya.

Auta ta turo takarda. Kalma biyu ce, ba sai na kai ta taga ba.

Ban dubi Babba ba. Jan murfin na duba. Na ce ƙofa ta danne maƙeri, ya riƙe ta har sawun abokansa ya ɓace, sannan gwiwarsa ta saki. Na ce ya mutu. Takardar ta ƙare, bakina bai ƙare ba. Na ce gudumarsa ta zame ta ƙarƙashin ƙofa ta tsaya a ƙafar ɓarauniya, kuma ƙotar da sauran ɗumi.

Babba ya ɗora hannu a ka yana salati yana dariya. Doguwa ta ce, “Umma, ba ki da imani!” tana share ido da gefen mayafi. Kafaɗun Auta suna rawa, ba sauti. Na ce ta bi a hankali saboda ɗinkin. Ta kifa jan murfin da kanta.

Sai da aka yi kiran magariba suka tashi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Babba ya fita. Ya dawo.

Litinin, 26 ga Mayu

Ya dawo. Da yunwa.

Asabar, 14 ga Yuni

Na kwana biyu ban rubuta ba, aiki. Ranar Talata likita ya ba Auta izini. Doguwa ce ta raka ta, ni ina da labulen mutane. Muryar ta dawo a shaƙe, kamar an goga ta da yashi. Ya ce za ta washe, ko ba duka ba. Abin da ta fara ce mini: “Umma, kin ƙona wani abu.” Gaskiya ne.

Yau ta koma kujerarta, ni na koma ɗakin guga. Ƙofar a buɗe na bar ta, saboda zafi. Babba yanzu makaɗi ne, koren murfi, surutu kamar me.

Auta ta bar su sun tsallake kogi da sauƙi. Ko kada ɗaya babu. Da suka tafi na gaya mata, kuma na ce dodon nan ba zai manta da ƙwansa ba, ya kamata su fara jin sawunsa a bayansu. Ta ce in zo in zauna mana mako mai zuwa. Na ce ina da aiki.

Suna ta neman ɗan lido ɗaya, shuɗin. Yana aljihun rigar aikina. Zan mayar.