Ruwan da Baba Bai Kai Gare Shi Ba

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya zaman Ikko da wannan tsada? Inna da kowa lafiya lau.

Ka tuna bayan makarantarmu ta Horo Birni, inda Baba ya haƙa rijiya gaba ashirin ya tarar da dutse? Ranar Laraba injin burtsatse ya huda dutsen nan, ruwa ya yi tsiri har ya wuce darbejiya. Baba ya tara hannu ya sha, ya ce, "Ashe shina nan ƙasa, ƙarfina ne bai kai ba." Ya yi alwala yana hawaye.

Ɗalibaina bakwai kurkunun tafki ya kwantar bana. Ku taya mu addu'a su zama na ƙarshe.

A gaishe da Hajara da yara.

Ƙaninka,
Bello