Ki Bar Tukunyar Magani Ki Taho

Tamaske, biyu ga watan Layya, shekara ta biyu da ƙarewar yaƙin Jamus.

Zuwa ga Cima, sanyin idona, ruwan randata, gawona mai ba da inuwa sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, farin watan da ke leƙo ni ta bayan duwatsun Adar! Zuwa ga matata, wadda na shekara ashirin da huɗu ina kallo ban ƙoshi ba. Gaisuwa mai yawa da begen da ya fi ƙarfin ƙirjina, daga mijinki Alƙasim.

Na san yayanki Malam Ɗayyabu ne zai karanta miki wannan ajami nawa mai kama da sawun kaji. Malam, ka yi haƙuri, ka sunkuyar da kai ka karanta mata duka, kada ka tsallake ko kalma guda don nauyin baki. Mai ciwo irin nawa an ɗauke masa kunya kamar yadda aka ɗauke masa azumi.

Cima, yau kwana goma sha tara ke nan da kika ɗaura wa jaki kaya kika nufi Garhanga, wurin tsohuwa Furera mai magani. Kin ce mini kwana uku za ki yi. Shekaranjiya maƙwabcinmu Mato ya dawo daga can da labarin cewa tsohuwa ta jiƙa saiwoyi a sabuwar tukunya, ta ce sai sun kwana arba'in, kuma wadda ta zo nema ita za ta riƙa motsa su da hannunta kowace safiya, in ta tsallake rana guda magani ya karye. Ke kuma, da taurin kan nan naki da na sani, kin rantse ba za ki ɗaga ba sai da tukunyar a kanki. Haba, masoyiyata! Saura kwana ashirin da ɗaya fa. Wa ya gaya miki ina da su?

Kina tsaye a ƙofar gida ran da na sauko daga bayan kamiyo, babbar motar kayan nan, dawowata daga Yamai, kuma ban ɓoye miki kome ba. Lokotoron soja, wato likitansu, da yake ni tsohon sojansu ne, ya tsayar da ni gaban na'urar nan mai ganin cikin mutum, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ciwon daji ne. Ya cinye huhun dama, ya tsallaka na hagu, ba wuƙa ba allurar da za ta cim masa. Ya ce in koma gida in ci abin da raina ke so. Na gode masa, don ya faɗa mini gaskiya kamar namiji. Ke kuwa sai kika shiga kika kama daka, gero ya zama gari tuntuni, ba ki daina ba. Tun daga ranar dariyarki ta bar gidan nan, kuma wallahi rashinta ya fi tarin ci mini rai.

Bari in ba ki labarin mijinki, kada ki zaci yana kwance yana jiran likkafani. Da hantsi nakan fita gindin bagaruwarmu in zauna ina tufka igiya. Na tufka miki sabuwar igiyar guga, tsohuwar ta ishe ni da kunya. Gero ya shiga rumbu, bana Allah ya yi mana albarka. Kuma ranar Laraba na lallaɓa har fadama, na zauna dirshan a bakin fangali na watsa irin albasa da hannuna. Mato ne ke ja mini ruwa, fuska a murtuke kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Can ya kasa haƙuri ya ce, "Alƙasim, mi kaka yi da irin albasa? Wa za shi dasa ta?" Na ce masa, "Kai Mato, wa ab ba ka takarda tana cewa kana kai rani?" Ya yi dariya har guga ya suɓuce masa cikin rijiya, muka ɓata rabin yini wajen ciro shi. Jiya da safe irin ya fara tsagowa, kore shar, siriri kamar gashin jariri. Na juya zan nuna miki, sai na tuna ba kya nan.

Albasar ce fa ta haɗa mu, ko kin manta? Ranar kasuwar Tamaske, ina saurayi, na sha rawani ina ji da kaina, jakina ya yi tutsu a kan gangare ya watsar da kaya. Albasa ta dinga gangarawa, ni kuma na tsaya sororo. Sai ga wata yarinya da ƙwaryar fura a ka, ta dafe ciki don dariya, tana cewa, "Kai mai jaki, albasakka na tahiya kasuwa ba da kai ba!" Kika aje ƙwarya kika taya ni tsinta, kika zaɓi wadda ta fi kowace girma kika jefa a zanenki, wai ladan aiki. Har yau ba ki mayar mini da ita ba, ɓarauniya! A wurin na san na yi asarar abin da ya fi albasa, don zuciyata ma cikin zanen nan ta tafi. Wace tsuntsuwa ce a fadamar nan ke da murya irin dariyarki ta ran nan? Wane ruwan farko ne ya taɓa sanyaya ƙasa kamar yadda ta sanyaya ni?

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban taɓa yi ba. Jiki yana ja baya. Masallacin da nake isa da numfashi guda, yanzu sai na huta sau uku a hanya. Tari yakan zo da jini, wani lokaci ya riƙe ni har in ga duhu. Tsoro ma yakan ziyarce ni, musamman da la'asar sakaliya in gida ya yi tsit. Ba na korarsa, don ba ya koruwa. Nakan bar shi ya zauna, in ci gaba da tufkata, in ya gaji ya tashi. Na ga samari a yaƙi waɗanda ba a ba su ko damar yin salati ba. Ni kuwa an sanar da ni, an bar ni a garinmu, ina jin ƙamshin sabon gero, ina da matar da za ta yini tana tafiya cikin duwatsu saboda ni. In ban gode wa Allah ba, ai na yi butulci. Kullum gari ya waye na buɗe ido, sai in ce, to, an ƙara mini rana guda, me za a yi da ita?

Abin da ke ƙona ni ke nan, hasken gidana. Kowace guda aka ƙara mini, ba ke a cikinta. Ban raina maganin tsohuwa ba, Allah ne mai warkarwa, yana iya sa waraka a saiwa ko a ruwan rijiya. Amma kin tafi nemo mini kwanakin da ba mu da tabbacinsu, kin tafi da waɗanda ke hannuna. Goma sha tara, Cima! Da zinariya ce aka sace mini da ban ji zafinta haka ba. Kina can kina motsa tukunya kina kuka, Mato ya ce kanki ko kitso babu, ni ina nan ina shan furar da ba hannunki ya dama ba. Wannan wane irin jinya ne? Ashe mai jinya ba kusa da majinyaci yake zama ba?

Saura kwana takwas Layya. Ragon na nan a turke, ya yi ƙiba har yana harbin iska. Duk zamanmu, in an cire shekarun da soja ya ci mini, ba mu taɓa yin Layya a rabe ba, kuma ba na son ta bana ta zama ta fari. Ina so in zauna kusa da wutar banda in ga hayaƙi na sa ki hawaye, irin hawayen da ake sharewa ana dariya. Ina so ki soya mini hanta da yajin nan naki mai sa mutum tari, tunda dai tarin ba sabo ba ne. Ki yi kitso, ki sa lalle, ki rambaɗa kwalli. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, Allah ya yanke mata iyaka, kada ki ƙara mata da kwanakin da nake raye.

Kada ki ji kunyar dawowa hannu rabbana. Ba wanda zai ce kin gaza, in kuwa wani ya faɗa, da sauran numfashin da zan ba shi amsa. Ki gode wa tsohuwa, ki bar mata tukunyarta, ki kamo hanya da sanyin safiya.

Akwai magana guda da ban sa a takardar nan ba, kin kuwa san ta: wadda miji ke yi wa matarsa in ya ga tafiya ta matso, ya ce ta yafe masa, shi ma ya yafe mata. Da gangan na riƙe ta. Ba zan ba tawada ita ba, ba zan ba ɗan aike ba. Da bakina zan faɗa, ina riƙe da hannunki, kuma ina roƙon Allah dare da rana kada ya ɗauke ni da ita a ƙirji. Zan yi iyakar ƙoƙarina in jira ki, amma numfashin ba a hannuna yake ba. Ki yi sauri, Cima.

Naki ne tun ina da ƙarfi, naki ne yau da ƙarfin ya tafi, kuma in Allah ya tambaye ni wa nake so a can, sunanki zan kira.

Mijinki,
Alƙasim