Da Sunan Wa Za a Yi wa 'Yata Addu'a?

Inna Freha, ki taimake ni, yau kwana tara ban yi wa mijina kallon kirki ba.

Bari in kira kaina Mazal. Shekara goma sha ɗaya muna zaryar asibiti tsakanin Netivot da Beersheba, har likita ta ce ƙwayayen haihuwata sun ƙare. Aka dasa mini na wata mata daga ƙasar waje, wadda ba Bayahudiya ba. Ni na sha laulayi, ni na yi naƙuda, ni na haifi Hodaya. Da malaminmu ya ce a tsoma ta a ruwan tsarki kamar mai shiga addini, don kawar da shakka, na haɗiye, ni ma na riƙe tawul.

To, kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar Asabar mijina Nissim ya tafi majami'a a sa ta a addu'ar marasa lafiya. Kin san da sunan uwa ake kiran majinyaci. Ƙanwata tana sashen mata, da kunnenta ta ji an ce Hodaya 'yar Saratu, wato uwar Yahudawa ta farko, yadda ake kiran sababbin shiga addini. Yarinya ta warke, ni ce ban warke ba.

Ba mugu ba ne, Inna. Shi ya riƙa yi mini allurai lokacin neman haihuwar. Wai tsoro ya ji kada addu'ar ta ɓata hanya. Amma ni uwarta ce, ko mai raino?

Mazal, Netivot

'Yata Mazal,

Barka da samun sauƙin Hodaya. Na ji zafinki, kuma kina da hujja.

Malamai sun rabu a nan. Da yawa sun ce wadda ta haifa ita ce uwa, wasu sun ce mai ƙwan, shi ya sa naku ya haɗa da tsomawa. Wannan kandagarki ne, ba tsige ki aka yi ba.

Nissim kuwa uba ne da ya ruɗe, 'yarsa na zafi kamar garwashi. Laifinsa ɗaya, ya yanke hukunci shi kaɗai. Ki faɗa masa haka, gabar nan ta isa, bawan Allah ya horu.

Ku je wurin malamin tare, ke da bakinki ki tambayi sunan da za a riƙa kira. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, ba zan yi miki alkawarin amsar da kike so ba. Amma ranar Juma'a, in kin kunna kyandirorin tarbar Asabar kin rufe fuska don addu'a, ba mai tsara miki kalmomi. Ki ɗaga murya ki ce Hodaya 'yar Mazal, Nissim na tsaye a bayanki, shi zai ce amin.

Allah ya raya miki 'yarki.

Inna Freha