Gidan Sauron Bello Ya Tafi Gulbi

Daren Talata, Kalgo. Ɗiyata Rakiya ke rubuta mani.

An fara yi wa jikana Bello allurar rigakafin maleriya. A gabana malamar asibiti ta ce sannu-sannu jikin yaro ke koyon faɗa da ciwon, da sauran allurai a gaba, kada a raba shi da gidan sauro. Yau ubanshi, ɗana Sani, ya kwance gidan sauron ya tafi kamun kifi da shi! Na ce, "Kai Sani, yaron fa?" Wai, "Inna, ai an yi mashi allura." Tir! Kifin da ya kamo ko taɓa shi ban yi ba. Na kwance nawa na ɗaura wa yaron da uwarshi. Ni sauro ya cinye ni.

Rakiya, bari haka nan, na gaji.