Motata Tana Kuka, Surukina Bakanike Ba Ya Ji

Anti, don Allah ki cece ni kafin a-kori-kurata ta haɗa ni faɗa da surukina.

Ni kafinta ne, da motar nan nake kai wa mutane gadaje da kujeru, ita ce ƙafata. Wata guda ke nan ta tsiro da wani siririn kuka, wiiiii, kamar sauro ya shige maka kunne. Da safe ya fi tsanani. In na murɗa sitiyari zan fita daga layinmu kuwa, sai ta ƙara murya. Mai shagon bakin layi ma ya daina ɗago kai, ya san ni ne.

Za ki ce in kai ta gareji mana. To, mahaifin matata bakanike ne, shekara arba'in yana sana'ar. Mutum ne da zai ɗora bakin sukudireba a kan inji, ya kara kunne a ƙotar, ya faɗa maka abin da ke damun mota ba a kwance ko noti ɗaya ba. Shi ya zaɓo min motar, kuma babu hannun da ya taɓa ta sai nasa.

Sau uku ina kai wa Baba ita. Na farko ya ɗaure fambel, wato bel ɗin fankar inji. Na biyu ya ce tayoyi ne. Na uku muka zagaya tare, tana ta rera kukanta har haƙorana na tsami, shi kuwa yana gefena yana gyaɗa kai, yana yabon yadda injin ke tafiya sumul. Wai injin yankan katako ne ya lalata min kunne. Wallahi har na fara zargin kaina! Muna dawowa sai wayarsa ta kama ƙara a aljihun gaban rigarsa, ta yi ta yi har ta katse, ko motsi bai yi ba. Nan na gano bakin zaren. Baba ya daina jin siririyar ƙara, kuma bai sani ba.

Na gaya wa matata, ta haɗe rai ta ce kunnen babanta ya fi nawa sau goma. Da ta huce ta yarda cewa rediyonsa yanzu har maƙwabta ke sauraro.

Na yi tunanin in sulale wani gareji a ɓoye. Ina! Baba yana gane hannun wani a inji kamar yadda nake gane ƙusar da ba ni na buga ba. Ga shi ranar Asabar zan kai kujerun makaranta wani gari mai nisa, hanyar duk kwana-kwana. Ina tsoron motar, ina kuma tsoron in karya wa dattijon nan zuciya, don ina ƙaunarsa. Yaya zan yi?

Kafinta mai ciwon kai

*

Ƙanena kafinta,

Ka ba ni dariya, ka kuma ba ni tausayi. Bari mu fara da motar, don ita ce mai gaggawa. Kada ka hau hanyar nan da kaya sai an gyara ta. Kukan da ke ƙaruwa in an murɗa sitiyari, sau da yawa man sitiyari ne ya ragu, ko famfonsa ya gaji. In ya mutu maka a tsakiyar kwana, sitiyarin zai yi tauri kamar ice, ga kujeru a baya. Ka buɗe bonet yau ka leƙa man, ka duba ko yana ɗiga a ƙasa. Buɗe murfi ba cin amana ba ne.

Amma kai ma da naka laifin. Sau uku kana zuwa, na tabbata abin da kake cewa kawai shi ne tana kuka, sai ka koma gefe kana jira ya ji da kansa. Abin da ka rubuto min, na safiya da na sitiyari, ka taɓa faɗa masa? Kunne ne ya ragu, ilimin shekara arba'in yana nan daram.

Don haka ka koma, ka zaɓi lokacin da babu mutane. Ka tayar da ita a tsaye, ka taka totur, ka gaya masa ko kukan ya tashi. Ka murɗa sitiyari dama da hagu, ka gaya masa. Ku hau titi, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka gaya masa ko ya canza. Ya ɗora sukudireba inda yake so, kai ka kara kunne. Ina kyautata zaton ba za ku yi rabin awa ba zai kama ɓarawon.

In Alhamis ta yi ba a dace ba, kada ka yi ɓoye-ɓoye. Ka roƙe shi ya zaɓa maka bakaniken da ya yarda da shi, ku je tare.

Maganar kunnen kuwa, ba taka ba ce, ta 'yarsa ce. Ta same shi a gida, cikin raha, ta lallaɓa shi su je asibiti. Wani lokacin datti ne kawai za a wanke, wani lokacin 'yar na'ura za a saka masa. Wanda ke kwana a ƙarƙashin motoci yana bukatar jinsa ko don tsaron lafiyarsa. Kuma kada ka ɗauka bai sani ba. Mai yiwuwa ya riga ku sani, yana dai fargabar ranar da za a daina kawo masa mota ne. Ka nuna masa taka ba ta cikin waɗanda za su daina zuwa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kai ka da kujerunka lami lafiya.

Antinku